Kafin Ranar Suna: Makon Farko na Jego da Gurbin da Kiwon Lafiya a Matakin Farko Ya Bari

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi halin da mai jego da jaririnta ke ciki a kwana bakwai na farko bayan haihuwa a Arewacin Nijeriya, da yadda shayarwa ke kafuwa ko ta lalace a waɗannan kwanaki. Ta dogara da alƙaluman binciken lafiya na ƙasa na 2018, da sakamakon bincike a Gana da Indiya da Nijeriya, da al'adun jego kamar yadda ake yin su a gidajenmu. Matsayinta shi ne, tsarinmu yana rabuwa da mace a wajen awo, ba ya sake ganinta sai ranar rigakafin mako shida, alhali a tsakanin nan aka fi rasa uwa da ɗa.

Gabatarwa



Kowace shekara daga 1 zuwa 7 ga Agusta ana yin Makon Shayarwa na Duniya, kuma saƙon da ya fi yawo a gidajen rediyo a lokacin shi ne kira ga mata su shayar da 'ya'yansu. A ƙasar Hausa kiran nan yakan tarar an riga an amsa shi. Mace tana shayarwa a tsakar gida, a mota, a gidan biki, ba mai ɗaga mata ido, kuma ba kasafai ake yaye yaro kafin shekara ɗaya da rabi ba. Addini ma ya tsayar da maganar: aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku, ta kuma ɗora ci da suturar mai shayarwa a wuyan uba.

Saboda haka tambayar da ta dace da mu daban ce. Yaushe jariri ke fara kama nono? Me ke riga nono shiga cikinsa? Wa ke yanke wannan hukunci? Kuma ina ma'aikacin lafiya yake a lokacin da ake yanke shi?

Abin da alƙaluma suka nuna

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa da rai a Nijeriya, 39 suna rasuwa kafin su cika wata guda. Mata 512 ke rasuwa ta dalilin ciki da haihuwa a kowace haihuwa 100,000. Kashi 39 cikin 100 na haihuwa kaɗai ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa abin bai wuce kashi 16 ba. Jariran da aka sa wa nono cikin awa ta farko kashi 42 ne. Waɗanda ke shan nono zalla a ƙasa da wata shida kashi 29 ne, daga kashi 13 a 2008 da kashi 17 a 2013. An ci gaba, amma da saura kafin a kai kashi 50 da Majalisar Lafiya ta Duniya ta sa wa ƙasashe a gaba a 2012.

Akwai alƙaluma biyu da ya kamata a ajiye su gefe da gefe. Kashi 67 na masu ciki sun ga ƙwararren ma'aikaci a wajen awo aƙalla sau ɗaya. Jariran da aka duba cikin kwana biyu da haihuwa kuwa kashi 38 ne. Ke nan mun san matan nan, sunayensu na cikin rajistarmu, mun ba su katin awo, sannan muka ɓace musu a lokacin da suka fi bukatarmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi uku cikin huɗu na mutuwar jarirai sabbin haihuwa a makon farko take faruwa. A wajenmu wannan mako shi ne wanda ke tsakanin haihuwa da raɗin suna.

Awa ta farko da kwana ukun farko

A 2006 Karen Edmond da abokan aikinta suka wallafa binciken da suka yi a yankin Kintampo na ƙasar Gana, inda suka bi diddigin jarirai 10,947. Sun ƙiyasta cewa da kowane jariri zai fara shan nono a ranar da aka haife shi, da an kauce wa kashi 16 na mutuwar sabbin haihuwa. Da zai fara cikin awa ta farko, da an kauce wa kashi 22. Ƙauyukan da aka yi wannan bincike ba su da injuna ko ƙwararrun likitocin yara, kuma da yawa daga matan a gida suka haihu, kamar namu.

Dalilin a fili yake. Dakashi, wato ruwan nono na farko mai kauri da launin ɗorawa, cike yake da garkuwar da jikin uwa ya haɗa daga cututtukan da ke cikin muhallinta, wanda shi ne muhallin da jaririn ya shigo. Yana shafe hanjin jariri, yana taimaka masa fitar da baƙin kashin farko, abin da ke rage shawara. Kwanciyar jariri tsirara a ƙirjin uwa tana riƙe masa ɗumi. Tsotson da yake yi kuma yana sa jikin uwa sakin sinadarin oksitosin, wanda ke matse mahaifa ya rage zubar jini. Abu ɗaya ne yake yi wa mutum biyu aiki.

To me ke faruwa a ɗakin haihuwa na gida? Da an yanke cibiya, hankalin kowa yana kan mabiyiya, da gaskiyarsu, don jinkirinta na kisa. Jaririn yana gefe a kan zane. Daga nan sai wanka, a dirje shi sosai, saboda tsoron cewa in ba a wanke ƙarnin haihuwa nan take ba zai bi shi har girma. A hunturu wannan wanka kaɗai ya isa ya jefa ƙaramin jariri cikin sanyin da ba zai farfaɗo daga shi ba, shi ya sa shawarar masana ita ce a tsane shi, a rufe masa kai, a jinkirta wanka zuwa awa 24. Bayan wankan jariri sai na uwa. Kafin a gama, an wuce awa ta farko da nisa.

A gidaje da yawa ma ba a nan jinkirin ke tsayawa ba. Ana ganin dakashi gurɓataccen nono ne, sai a tatse a zubar, musamman ga mai haihuwar fari. Akwai wuraren da ake gwada nonon da tururuwa: a tatsa a ludayi a jefa ta, in ta fita nono lafiya, in ta mutu a ce mugu ne, sai an wanke shi da magani. A kwana biyu ko ukun da ake jira, jariri yana kan ruwan ɗumi, ko ruwan dabino, ko zuma, ko madarar akuya ko ta shanu. Kowannensu da haɗarinsa. Madarar dabba ta yi wa ƙodar jariri nauyi, zuma na iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin yaro ɗan ƙasa da shekara, ruwa kuwa duk abin da ke cikin randa da ludayi shi zai kai ciki.

Ba na son mu ɗauki wannan a matsayin rashin kula. Kakar da ke ɗura wa jariri ruwan dabino tana ganin nonon bai kawo ba, yaro na kuka, kuma ba za ta zuba ido jikanta ya kwana da yunwa ba. Abin da ba a taɓa nuna mata ba shi ne cikin jariri a ranar farko cokali ɗaya ko biyu na shayi yake ɗauka a lokaci guda, daidai da abin da nono ke fitarwa, kuma tsotson ne ke kiran nonon. Duk ludayin da aka ba shi yana rage tsotso, ragin tsotso yana jinkirta zuwan nono, jinkirin kuma yana tabbatar wa kaka cewa ta yi daidai da ta ba shi.

Maganar tahniki da rubutu tana bukatar natsuwa. Tahniki sunna ce, kuma ma'aikacin da ya shiga gida yana yaƙi da ita ya rufe wa kansa ƙofa. Amma ɗan abin da ake shafa wa jariri a dasashi sau ɗaya daban yake da kofin ruwan dabino na kwana uku. Malamanmu ne suka fi cancanta su fayyace wannan bambanci, a wa'azi da wajen raɗin suna. Haka rubutu da zamzam: ina ganin ya dace a kai wa malamai tambayar ko uwa za ta iya sha a madadin jaririn, tunda daga jikinta yake ci.

Ruwa

Bayan makon farko, babban abin da ke fitar da jariranmu daga sahun masu shan nono zalla shi ne ruwa. Madarar gwangwani matsala ce ta birni da masu hali, kuma dokar tallanta da aka amince da ita a duniya tun 1981 tana hannun NAFDAC a nan gida. A karkara ruwa ne. Hujjar masu ba da shi ba ta raini ba ce: a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri babba ma bai iya awa guda bai sha ba, kuma hana ɗan Adam ruwa a al'adarmu mugunta ce. Wasu ma suna cewa yaron da aka hana ruwa zai tashi da rowa ko taurin zuciya.

Amsar ita ce kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma binciken da aka yi a Indiya da wasu ƙasashe masu tsananin zafi ya nuna jariran da ke shan nono zalla ba sa bushewa, muddin ana ba su duk lokacin da suka nema. Nijeriya ta ƙaddamar da gangamin hana ba jarirai ruwa a 2019. Inda nake ganin saƙon ke tuntuɓe shi ne ana faɗin hani ba a ba da madadi. In aka ce wa uwar miji kada ta ba jikanta ruwa, an ƙwace mata aiki. In aka ce mata ruwan nan mai jego za ta riƙa miƙa wa duk lokacin da ta zauna shayarwa, kuma ta riƙa ƙirga fitsarin yaro, in ya kai shida a yini da kwana to ya ƙoshi, an ba ta aiki da ma'aunin da za ta gani da idonta.

Masu iko da ɗakin jego

Kusan duk wa'azin shayarwa da muke yi, a layin awo muke yin sa, ga mace mai ciki ita kaɗai. Amma ranar da ta haihu ba ita ke da magana ba. In haihuwar fari ce, galibi tana gidan iyayenta goyon ciki, ƙarƙashin mahaifiyarta ko gwaggonta, ga ƙuruciya, ga kunyar ɗan fari da ke hana ta rungumar jaririn a gaban manya, balle ta yi musu. In a ɗakinta take, uwar miji ce ko wata dattijuwa da aka ɗauko don wankan jego. Ungozoma ce ke yanke cibiya ta faɗi abin da za a sa mata. Wanzami na zuwa cire beli. Miji shi ke da kuɗin mota da izinin fita, amma al'ada ta ajiye shi a zaure. Yarinya 'yar shekara 17 ba za ta dubi uwar mijinta ta ce malamar asibiti ta hana ba.

Saboda haka dole a faɗaɗa waɗanda ake magana da su. A nemi mai ciki ta zo awo na watan takwas tare da wadda za ta yi mata zaman jego, a zaunar da su tare, a yi wa dattijuwar magana da girmamawar da ta dace da ita. A Jamhuriyar Nijar, makarantun mazaje da aka fara a jihar Damagaram da tallafin UNFPA sun nuna cewa magidanta na zama su tattauna lafiyar matansu in aka ba su wuri da mutunci. A Sakkwato, daga 2013, an raba wa masu ciki maganin cibiya na kilohekzidin da ƙwayar misofurostol mai tsayar da jini ta hannun mutanen cikin unguwa, don amfanin waɗanda za su haihu a gida. Darasin da ke ciki shi ne an karɓi gaskiyar inda ake haihuwa, aka kai kariya can. Mai gasa cibiya da tsumma ko shafa mata man goge baki tana so ne ta ga ta sa wani abu. Da aka ba ta abin da ya fi, ta karɓa.

Ita ungozoma, manufar ƙasa ita ce ta riƙa rako mata asibiti maimakon karɓar haihuwa, kuma manufar daidai ce. Sai dai kafin a kai can, ita ce ke tsugune a gaban yawancin matanmu. A koya mata abu huɗu ko ba ta iya karatu ba: tsane jariri, ɗora shi a ƙirjin uwa, jinkirta wanka, sa shi a nono kafin komai.

Bakwaini da ƙaramin jariri sun fi kowa bukatar wannan. Goyon kangaru, wato ɗaure jariri tsirara a ƙirjin uwa dare da rana, a Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara shi a 1978 saboda ƙarancin kwalabar jarirai. Wani gwaji da aka wallafa a 2021, wanda aka yi a Gana da Indiya da Malawi da Tanzaniya da Ile-Ife a nan Nijeriya, ya nuna fara shi nan take ga jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8 ya rage mutuwa da kusan kashi 25 cikin 100. Matanmu gwanayen goyo ne. Mayar da shi gaba kawai ake nema, kuma kaka ko kishiya ko uba na iya karɓar uwa in ta gaji.

Ita kanta mai jego

Jego yana da alheri da bai kamata a zubar ba. Kwana arba'in na hutu, ƙauri, kunu, mai taya aiki, 'yan barka da ke hana kaɗaici: ƙasashe masu arziki suna kashe kuɗi suna neman irin wannan. A shekarun 1970 Davidson da Parry sun bayyana yawan ciwon zuciya na bayan haihuwa a Zariya, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta a asibitoci da dama na ƙasar nan, wanda aka wallafa a 2020, bai sami wannan alaƙa ba. Abin da ya gano shi ne rama, rashin ilimin boko, rashin sana'a da hawan jinin ciki. Wannan ya isa ya sa mu rage gaggawar ɗora wa al'ada laifin abin da talauci ya haifar. Duk da haka mai hawan jini ko kumburi bai kamata ta sha kanwa ba, kuma ruwan da ke ƙona fata ya wuce magani.

Abin da ke kashe mai jego a makon farko sananne ne: zubar jini, jijjiga, zazzaɓin da ke biyo bayan ƙwayar cuta a mahaifa. Abin da ke kashe shayarwa kuma yakan zo a kwana na uku zuwa na biyar, lokacin da nono ya cika ya yi tauri, kansa ya tsage, yaro ya kasa kamawa. A nan ake cewa nonon ba shi da kyau. Gyaran bai fi na minti goma ba ga wadda ta iya: a tatsa kaɗan ya yi laushi, a juyo da cikin jariri ya manne da na uwa, a jira ya wage baki, haɓarsa ta taɓa nono, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, ya kama har baƙin da ke kewaye. Wannan ba a koyar da shi ta rediyo. Sai an zauna kusa da mace an gani.

Ziyarar gida

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara ganin uwa da jariri sau huɗu: cikin awa 24, a kwana na uku, tsakanin kwana 7 da 14, da mako shida. Biyun farko su ne suka faɗo a lokacin da mai jego ba ta fita ko ƙofar gida. Tunda ba za ta zo ba, mu za mu je.

An gwada wannan. A Gadciroli ta ƙasar Indiya, Abhay Bang da abokan aikinsa sun horar da matan ƙauye su riƙa ziyartar sabbin haihuwa, har da ba da maganin ƙwayar cuta, kuma rahotonsu na 1999 ya nuna mutuwar jarirai ta ragu da kashi 62. Da aka gwada ziyarar gida a Gana cikin tsarin gwamnati na yau da kullum, ragin da aka samu ƙarami ne ƙwarai. Bambancin yana koya mana cewa ziyara tana aiki ne gwargwadon yadda ta zo da wuri, da abin da mai ziyarar ta iya, da abin da ke jiran jaririn in an tura shi asibiti.

Mutanen da za su yi aikin muna da su. Yaƙin shan inna ya bar mana dubban mata 'yan sa-kai da suka san kowane gida a unguwarsu, suna shiga har wajen suna su ɗiga wa jariri rigakafi, kuma da irin wannan naci aka kai ga shelar kawar da cutar ta daji daga Afirka a Agustan 2020. Shirin CHIPS da aka ƙaddamar a 2018 an yi shi ne don haɗa irin waɗannan mata a inuwa ɗaya. Labarin haihuwa kuma ba ya ɓuya: kafin rana ta faɗi ungozoma da liman da wanzami da mai unguwa duk sun ji. Abin da ya rage shi ne ɗayansu ya san lambar wayar da zai kira.

Mai ziyarar za ta je da ma'aunin zafi, da sikeli, da maganin cibiya. Za ta kalli shayarwa daga farko har ƙarshe. Za ta tambayi jini da ciwon kai da zazzaɓi, ta dubi ko mai jego na cikin damuwa. Za ta nemi alamomin haɗari a jikin jariri: ƙin kama nono, taune-taune, numfashi 60 ko fiye a minti, faɗawar awazu, zafi ko sanyin jiki, kasala, shawara a ranar farko ko wadda ta kai tafin hannu da ƙafa. Za ta tabbatar an yi rigakafin haihuwa na tarin fuka da shan inna da ciwon hanta. In ta ga haɗari, ta san direban da za ta kira. Tsarin ɗaukar masu naƙuda da ƙungiyar direbobi ta NURTW ke yi a jihohin Arewa da dama ya kamata ya haɗa da jariri mara lafiya da mai jego.

Kuɗin ba sai an nemo daga waje ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya na tushe, kuma wani ɓangare yana sauka kai tsaye a asusun cibiyoyin mazaɓu. Ina ba da shawarar kowace cibiya ta riƙa kawo rahoton wata-wata na haihuwa nawa aka yi a mazaɓarta, a gida ko a asibiti, nawa aka ziyarta cikin awa 48, nawa aka sake gani kafin suna, kuma kwamitin mazaɓa ya riƙa duba wannan lissafi kamar yadda ake duba na rigakafi. Matan da za su yi zirga-zirgar nan kuma a yanka musu alawus tabbatacce daga wannan asusu, a riƙa biyan su a ƙarshen kowane wata, tare da kuɗin mota da katin waya.